A Fara Da Tsuntsun Ƙofar Gida

Idan aka ambaci ɗaukar hoton tsuntsaye, yawancin matasa sukan kawo wa ransu wani baƙo mai hali, rataye da kyamara mai dogon baki, yana ratsa wani gandun daji mai nisa. Daga nan sai ɗalibi ya yanke wa kansa hukunci cewa wannan harka ba tasa ba ce, tunda ba shi da kuɗin kyamara, ba shi kuma da kuɗin mota zuwa Yankari. A ganina wannan hukunci kuskure ne, kuma yana jawo mana asara. Wanda yake son ya koyi ɗaukar hoton tsuntsaye ya kamata ya fara a unguwarsu, da abin da ke hannunsa, ya kuma fara da tsuntsun da kowa ya raina saboda yawansa. Zan kafa hujja da Farin Gada, wata unguwa a arewacin birnin Jos. Ba wanda zai kira ta dajin tsuntsaye, amma mai lura zai shekara yana ɗaukar hoto a cikinta bai ƙure abin da ke nan ba.

Abin da ke Farin Gada

An san Farin Gada da kasuwar kayan gwari. Tun da asuba motoci suke sauke tumatir da attarugu da kabeji da karas, wasu kuma suna lodi zuwa kudancin ƙasar nan. Kusa da kasuwar akwai mazaunin Jami'ar Jos na Naraguta, ga kuma kogin Dilimi da lambunan da ake noman rani a gefensa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare yana da nasa tsuntsaye. A kan rufin rumfuna za ka ga hankaka da farin ƙirjinsa. A sama shirwa tana shawagi, tana jiran abin da za ta sura. Kurciya da hasbiya suna sauka inda hatsi ya zube, tsattsewa tana shige da fice a inda ta liƙa sheƙarta, balbela tana bin shanu ko tana kiwo a cikin lambun da aka yi wa ban ruwa, zalɓe kuwa yana tsaye a bakin ruwa kamar an dasa shi.

Waɗannan mazauna ne, amma akwai baƙi masu zuwa da lokacinsu. Shamuwa takan iso a farkon damina, idan rani ya kama kuma ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Da damina ne mazan tsuntsayen nan masu saƙa sheƙa su rataye ta a reshe suke yin ado da launin ɗorawa mai haske. Daga wajen watan Oktoba zuwa Afrilu wasu ƙananan tsuntsaye sukan zo daga Turai, bayan sun ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, alhali nauyin wasunsu bai kai giram 20 ba. A cikinsu akwai wani mai ɗorawar ciki, mai yawan kaɗa jela, wanda yake son lambuna masu danshi irin na bakin Dilimi. Nijeriya tana da nau'in tsuntsaye fiye da 900. Ɗalibin da ya san ashirin na unguwarsu sani na sosai ya kama hanyar sanin sauran.

Darasin ungulu

Mai karatu zai iya tambaya: mene ne amfanin hoton hankaka, tsuntsun da ake gani kullum? Amsar tana cikin labarin ungulu. A da, duk inda aka sami mahauta ko babbar kasuwa a garuruwan arewa, za a ga ungulaye jere a kan rufi da itatuwa. Sun zama abin sabo har suka shiga karin magana, aka ce ungulu ba ta jewar banza. Yau akwai matasa da yawa a birane da ba su taɓa ganin ungulu ido da ido ba. A shekarar 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya irin ungulun nan ta cikin gari a jerin halittun da suke dab da ƙarewa. Guba ta kashe wasu, masu sayar da sassan jikinsu don tsibbu sun kama wasu, an kuma sare manyan itatuwan da suke sheƙa a kai. Ga shi kuma ungulu ƙwai ɗaya tak take yi a lokacin haihuwarta, saboda haka idan aka rage yawanta ba ta saurin farfaɗowa.

Abin lura a nan shi ne, lokacin da ungulaye suke da yawa, kaɗan ne suka ga sun cancanci a ɗauki hotonsu ko a ƙirga su. Mai binciken da yake son ya san shekarar da suka daina sauka a wata kasuwa, sau da yawa sai dai ya dogara da abin da dattawa suka iya tunawa. Haka zancen yake game da gauraka, wanda ake yi wa kallon tsuntsun ƙasa a Nijeriya, amma ganinsa a dajin ƙasar ya yi wuya ƙwarai. Tsuntsun da ya cika gari yau ba shi da tabbacin cika shi nan da shekara talatin. Hoton shirwa goma a saman kasuwar Farin Gada, wanda aka rubuta masa rana da wata da shekara, shaida ce da wata rana za a nema. Wannan ne babban dalilin da ya sa nake cewa a fara da na ƙofar gida.

Ido kafin kyamara

Kayan aiki na farko shi ne sanin halin tsuntsu, kuma wannan ba a sayensa a kanti. Ina ba mai farawa shawara ya yi mako guda bai ɗauki hoto ko ɗaya ba. Ya sami ƙaramin littafi da fensir, ya zaɓi wuri ɗaya, ya riƙa zama a nan na rabin sa'a kowace safiya. Ya rubuta irin tsuntsun da ya fara zuwa, da reshen da yake sauka, da abin da yake ci, da kuma tazarar da yake yarda mutum ya matso kafin ya tashi. Kafin mako ya cika zai gane cewa tsuntsaye suna da al'ada. Wanda yake kama ƙwari a iska yakan koma reshen da ya taso. Kurciya tana da lokacin shan ruwa. Tsuntsu da yawa yakan ɗan durƙusa kafin ya tashi. Wanda ya san haka ba ya bin tsuntsu da gudu. Yakan riga shi zuwa wurin, ya zauna ya jira.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Maharbi yakan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya sunkuya yana tafiya irin ta burtu, har ya isa kusa da namun daji ba su farga ba. Turawan da suka fara ɗaukar hoton tsuntsaye ma irin wannan dabara suka yi. Wasu 'yan'uwa biyu a Ingila, Richard da Cherry Kearton, waɗanda suka buga littafin hotunan sheƙar tsuntsaye a 1895, har fatar sa suka sa aka ɗinka a kan katako, ɗayansu ya riƙa shiga ciki da kyamara. Yaron da ya saba fakon tsuntsu da danƙo ya riga ya san rabin aikin: ya san laɓewa, ya san sanɗa, ya san inda kowane tsuntsu yake kwana. Abin da ya rage masa shi ne ya ajiye danƙon. Tsuntsun da aka harba sau ɗaya ake samunsa, wanda aka ɗauki hotonsa kuwa gobe ma yana nan.

Ƙa'idojin kusantar tsuntsu kaɗan ne. A sa tufafi marasa haske, masu launin ƙasa ko na ganye. A zauna maimakon a tsaya, domin tsayuwar mutum tana tsorata tsuntsu. Kada a nufe shi kai tsaye, a bi ta gefe sannu a hankali, ana tsayawa duk lokacin da ya ɗaga kai. Da rani kuma, kasko ɗaya na ruwa da aka ajiye a inuwa a bayan gida yakan jawo tsuntsayen da mutum bai taɓa sanin suna unguwar ba.

Wayar hannu ta isa a fara

Gaskiya ce cewa ba don tsuntsaye aka ƙera kyamarar wayar hannu ba. An yi ta ne don hoton mutane da wurare masu faɗi, shi ya sa ƙaramin tsuntsu da ke nesa yakan fito kamar ɗigon tawada. Amma wannan matsala tana da magani. Da farko, a fara da manyan tsuntsayen da suka saba da mutane, irin su balbela da hankaka da tantabara, waɗanda sukan bari a matso kusa. Na biyu, ba dole ne tsuntsu ya cika hoto ba. Balbela uku a tsakanin kunyoyin kabeji, ga mai ban ruwa can nesa, hoto ne mai ba da labarin wuri da lokaci, kuma waya tana iya ɗaukarsa da kyau. Na uku, idan an sami madubin hangen nesa, ana iya ɗora idon kyamarar waya a kan idon madubin, sai tsuntsu ya matso. Hannu yakan yi rawa da farko, amma da sabo ana samun hoton da za a gane tsuntsu da shi sarai.

Akwai ƙananan abubuwa masu kawo babban bambanci. A goge idon kyamara kafin a fara. A taɓa tsuntsun a fuskar waya domin kyamara ta saita a kansa, ba a kan ganyen da ke bayansa ba. Kada a yawaita jawo hoto da yatsu, domin yakan dusashe. A jingina gwiwar hannu da bango ko da gwiwar ƙafa. A ɗauki hotuna da yawa a jere, a zaɓi ɗaya, a share sauran. Idan tsuntsu yana ƙasa, mai ɗauka ya yi ƙasa shi ma, har idonsa ya yi daidai da na tsuntsun. Ido shi ne ran hoton: idan idon tsuntsu ya fito tar, mai kallo yakan yafe sauran kurakurai.

Lokacin sayen kyamara zai zo, ga wanda ya sami hali. Masu wannan sana'a sukan yi amfani da gilashi mai tsawon milimita 300 ko 400 ko fiye, su kuma sa kyamara ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa idan suna son kama tsuntsu a sama. Amma wanda ya sayi irin wannan kaya bai koyi zama shiru ba, zai tara hotunan rassan da tsuntsu ya riga ya bari. Makaranta da ke da ƙungiyar ɗalibai masu son halittu za ta fi amfana idan ta fara da madubin hangen nesa guda ɗaya da littafin gane tsuntsaye guda ɗaya, ana karɓa-karɓa.

Haske da lokaci

Hoto aikin haske ne. Sa'o'i biyu na farko bayan fitowar rana, da kuma la'asar sakaliya, su ne lokutan da suka fi dacewa. A lokacin haske yana da taushi, tsuntsaye kuma suna kiwo. Da tsakar rana inuwa takan rufe fuskar tsuntsu, launinsa ya ɓace. A bar rana a bayan mai ɗauka, yadda inuwarsa za ta nuna wajen tsuntsun. Farin tsuntsu kamar balbela yakan yi fari fat a hoto har gashinsa ya ɓace, don haka sai a ɗan rage hasken kyamara. Hankaka ya fi kowa wuya, saboda ya haɗa baƙi da fari a jiki ɗaya. Wanda ya iya fito da gashin bayansa da na ƙirjinsa a hoto guda ya koyi darasin da zai yi masa amfani a kan kowane tsuntsu.

Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa sanyinta ya yi suna. Da hunturu tsuntsaye sukan fito kan reshe da safe su sha hantsi, su daɗe ba su motsa ba, wannan kuwa dama ce ga mai koyo. Sai dai hazo yana dusashe duk abin da ke nesa, ƙura kuma tana ɓata kaya, saboda haka a matsa kusa, a kuma riƙa rufe waya ko kyamara. Da damina gari yakan yi kore shar, tsuntsaye su yi adon aure, amma kada a fita ba tare da ledar da za a kare kaya daga ruwa ba.

Haƙƙin tsuntsu da haƙƙin mutane

Babu hoton da ya kai darajar ran tsuntsu. Sheƙa ita ce wurin da mai koyo ya fi samun sauƙin hoto, ita ce kuma wurin da ya fi yin ɓarna. Idan aka daɗe kusa da ita, uwa takan ƙi dawowa, ƙwai ya yi sanyi ko 'ya'ya su galabaita da yunwa. Idan aka karya rassan da suka rufe ta domin hoto ya fito, an nuna wa shaho da maciji hanya. Ni a ra'ayina mai farawa ya bar hoton sheƙa gaba ɗaya. Kada a jefi tsuntsu don ya tashi, kada a haska mujiya da fitila mai ƙarfi a ido, kada a dame shi da kunna kukan 'yan'uwansa a waya. Wanda ya kama tsuntsu da tarko, ya ɗauki hotonsa, ya ce a daji ya same shi, ya cuci tsuntsun, ya kuma yi wa masu kallo ƙarya.

Mutane ma suna da nasu haƙƙi. Lambu dukiyar wani ne, ba a shiga sai an yi sallama an nemi izini, ba a kuma taka shuka. A kasuwa a gaida masu rumfa, a gaya musu abin da ake yi, a nuna musu hoton idan sun so. Kada a ɗauki fuskar kowa ba da yardarsa ba, kada a ɗaga kyamara kusa da shingen jami'an tsaro. Jos gari ne da ya ga tashin hankali a baya, saboda haka ba abin mamaki ba ne idan aka yi wa baƙo mai ɗaukar hoto tambaya. Gaisuwa da bayani cikin ladabi sukan kawar da zargi, sau da yawa ma mai lambun ne zai nuna inda tsuntsu yake sauka. Ɗalibai su fita su biyu ko uku, da sanin malami ko iyaye. Su yi nesa da bakin kogi idan ya kawo ruwa, su kuma kiyayi kududdufan da haƙar kuza ta bari a kewayen Jos, domin suna da zurfi.

Ina hoton zai je?

Hoton da ba a san ranarsa da wurinsa ba ado ne kawai. Kowane hoto a rubuta masa kwanan wata, da wuri, da sunan tsuntsu, da abin da yake yi. Batun suna kuwa wata dama ce ga mai koyon Hausa. Ya nuna wa dattijo hoton, ya tambayi sunan tsuntsun da Hausa, ya kuma tambayi sunansa da harshen gidansu, ko Birom ne, ko Afizere, ko Anaguta, ko Ngas, ko Ibo, ko Yarbanci. Sunayen tsuntsaye suna cikin kalmomin da suke saurin ɓacewa daga bakin matasan birni. Littafin ɗalibi mai hoto ashirin da suna biyu ko uku a ƙarƙashin kowanne ƙaramin ƙamus ne.

Akwai kuma masu jiran irin wannan bayani. Tun daga 2015 ake gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda aka rarraba ƙasar zuwa ƙananan murabba'ai masu faɗin kimanin kilomita 9 kowane gefe. 'Yan sa kai sukan rubuta tsuntsayen da suka gani a kowane murabba'i, su aika ta manhajar waya irin su BirdLasser. Ba sai mutum yana da digiri ba. Idan ya yi shakkar wani tsuntsu, hotonsa ne zai sa masana su tabbatar ko su gyara. Cibiyar da ke jagorantar wannan aiki tana kusa da Farin Gada: ita ce cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda aka fi sani da APLORI, a ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos. Tana ƙarƙashin Jami'ar Jos, kuma tun 2002 take horar da ɗalibai masu neman digiri na biyu daga Nijeriya da wasu ƙasashen Afirka. Tana zaune ne a dajin Amurum, mai faɗin kimanin hekta 300, inda aka ga nau'in tsuntsaye wajen 300.

A irin duwatsun da ke wannan daji ne ake samun wani ɗan ƙaramin jan tsuntsu wanda kimiyya ba ta ba shi suna ba sai a 1998, lokacin da wani masani ɗan Amurka, Robert Payne, ya bayyana shi a matsayin nau'i mai zaman kansa. Yana da wani maƙwabci, ƙaramin tsuntsu wanda namijinsa baƙi ne mai sheƙi, wanda ba ya gina sheƙa. Macen takan zuba ƙwanta a sheƙar jan tsuntsun ya rena mata, ɗan kuma idan ya girma yakan kwaikwayi kukan wanda ya rene shi. Masu kallon tsuntsaye daga ƙasashen waje sukan zo Jos takanas domin su ga waɗannan biyu. Idan har irin wannan abu zai iya zama a gefen babban birni shekara da shekaru littattafan kimiyya ba su san da shi ba, to ba mu da hujjar cewa mun gama sanin abin da ke bayan gidajenmu. Ziyarar Amurum tana da kyau, amma ta fi amfani ga ɗalibin da ya riga ya horar da idonsa a gida.

Masu cewa ɓata lokaci ne

Wasu iyaye za su ce yaron da jarrabawa ke gabansa, gida kuma yana bukatar taimakonsa, ba shi da lokacin zama yana kallon kurciya. Maganarsu tana da nauyi, kuma ba zan yi musu alkawarin cewa hoton tsuntsu zai kawo arziki ba. Amma rabin sa'a da safe ba ta kai lokacin da matasa da yawa suke ɓatarwa a kan waya ba tare da sun ƙaru da komai ba. A cikin wannan rabin sa'a ɗalibi yana ganin abin da ake koya masa a darasin nazarin halittu da na labarin ƙasa: ƙaura, da yanayi, da yadda wata halitta take dogara da wata. Yana koyon rubuta abin da ya gani daidai, ba ƙari ba ragi. Hannun da ya iya kama tsattsewa a sama kuma ba zai sha wuyar ɗaukar hoton biki ko na wasan ƙwallo ba, wannan kuwa sana'a ce da ake ci da ita.

Wasu kuma za su ce kallon tsuntsu al'adar Turawa ce. Harshen Hausa da kansa ya ƙaryata wannan. Manomi ya daɗe yana duban zuwan shamuwa domin ya shirya iri. Wanda ya fara yi wa hankaka kirari da mai da ɗan wani naka, mutum ne mai lura, domin masana sun tabbatar akwai tsuntsun da yake zuba ƙwansa a sheƙar hankaka ya bar masa reno. Kakanninmu sun kalli tsuntsaye da kyau, suka adana abin da suka gani a karin magana da tatsuniya, domin abin da suke da shi ke nan. Mu muna da waya a aljihu.

Saboda haka ga abin da nake nema daga kowane ɗalibi, ko a Farin Gada yake ko a wani gari. Ya zaɓi tsuntsaye goma da yake gani tsakanin gida da makaranta. Kafin zangon karatu ya ƙare ya sami hoton kowanne, da sunansa, da ranar da ya gan shi, da wurin. Malamai su tattara waɗannan a ajiye a makaranta, ajin da ke biye ya sake yin haka baɗi. Bayan shekara goma makarantar za ta iya faɗin wane tsuntsu ne ya ƙaru a unguwar, wane ne ya ragu, wane ne kuma aka daina gani, ta kuma nuna shaida.

Ma'anar wasu kalmomi

Kayan gwari: kayan miya da na lambu masu saurin lalacewa, kamar tumatir da attarugu.
Shawagi: yawo a sama ana kewayawa.
Sheƙa: ɗakin da tsuntsu yake ginawa domin ƙwai da 'ya'yansa.
Jewa: kewayawar da tsuntsu yake yi a sama kafin ya sauka.
Fako: laɓewa ana jiran wani abu ya zo.
Sanɗa: tafiya a hankali ba tare da an ji motsi ba.
Danƙo: roba da aka ɗaura a ƙaramar gwafa domin harba tsakuwa.
La'asar sakaliya: ƙarshen la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi.
Hantsi: hasken rana na safe kafin ta yi zafi.
Kuza: ma'adinin da aka daɗe ana haƙa a tudun Jos.
Takanas: musamman domin abu ɗaya.

Tambayoyi

1. Mene ne babban ra'ayin marubucin? Faɗe shi a jimla ɗaya.
2. Kawo tsuntsaye biyar da ake gani a Farin Gada, ka faɗi inda ake ganin kowanne.
3. Wane darasi marubucin ya ciro daga labarin ungulu?
4. Me ya sa ya ba da shawarar a yi mako guda ba a ɗauki hoto ba?
5. Bayyana hanyoyi uku na samun hoto mai kyau da wayar hannu.
6. Waɗanne haƙƙoƙi ne tsuntsu da mutane suke da su a kan mai ɗaukar hoto?
7. Ka yarda da amsar da marubucin ya ba iyayen da suke ganin wannan ɓata lokaci ne? Kawo dalilanka.
8. Rubuta sunayen tsuntsaye goma da Hausa da kuma harshenku.